“Ga Wannan, Ba Yawa”: Ƙaramar Kyauta da Nauyin da Take Bari a Zuciya

Akwai wani nauyin zuciya da ya yawaita a tsakanin ma’aikata da masu sana’a a ’yan shekarun nan, ga shi kuma ba kasafai ake faɗinsa a fili ba. Ranar haihuwar aminiya, ko ƙanwa, ko uwargida, ko abokin aiki za ta zagayo a daidai lokacin da wata ya yi nisa, albashi ya riga ya tafi kuɗin makarantar yara da na wuta da na cefane. Sai mutum ya duba abin da ya saura, ya sayi ɗan turare na naira 3,000, ko littafi, ko mayafi mai sauƙin kuɗi, ya miƙa. A karɓa, a yi godiya. Duk da haka sai ya koma gida yana jin kamar ya ci amanar wani. Wasu ma ba sa kai wa ga miƙawar. Sukan ƙirƙiro uzuri su ƙi zuwa wurin taron, domin a ganinsu rashin zuwa ya fi zuwa da abin da za a raina.

Ra’ayina shi ne wannan nauyi ya samo asali daga wani ruɗani. Mun ɗauko lissafin gudummawar biki, wanda tsari ne mai ƙa’idojinsa da dalilansa, mun ɗora shi a kan kyautar ranar haihuwa, wadda ba bashi ba ce kuma ba a ƙulla ta domin a rama ba. Wanda ya raba waɗannan abubuwa biyu a zuciyarsa zai ga cewa babu laifin da ya aikata da har zai nemi afuwa.

Al’adar da ta zo babu ƙa’idojinta

Bikin zagayowar ranar haihuwa baƙo ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu da dama ba su san ranar da aka haife su ba. Ana auna shekarunsu da sarautar wani sarki, ko shekarar wata yunwa, ko zuwan fara. Har yau akwai ɗimbin mutanen da takardunsu ke ɗauke da 1 ga Janairu, saboda ranar da aka zaɓa musu ke nan sa’ad da aka je kotu rantsuwar shekaru. Ranar da al’ada ta girmama a rayuwar jariri ita ce ta bakwai, ranar suna, sannan sai aure.

Makarantun boko da zaman birane ne suka shigo da bikin, kafofin sada zumunta kuma suka ba shi fukafukai. Facebook yana tuna wa kowa ranar haihuwar kowa. WhatsApp da Instagram da TikTok sun mayar da ranar wani dandali na nuna kek da hotuna da abin da aka samu. Malamai sun yi sabani a kan halaccin bikin kansa, kuma wannan muhawara tana da nata wurin. Abin da ke gabanmu a nan shi ne halin da mutanen da suka riga suka tsinci kansu a cikin al’adar suke shiga, ko suna so ko ba sa so, domin ko wanda ba ya yin nasa bikin yana da abokai da ’yan’uwa masu yi.

Matsalar baƙuwar al’ada ita ce takan iso ba tare da ƙa’idojin da ke daidaita ta ba. Kowace Bahaushiya ta san abin da ya dace a kai gidan suna gwargwadon kusanci, ta san abin da ake kai wa mai jego da abin da ake kai wa amarya. Babu wanda ya gada daga iyayensa abin da ya dace a ba abokin aiki ranar da ya cika shekara 35. Da aka rasa ma’auni, sai aka ari biyu: na gudummawar biki, da na abin da ido ke gani a waya.

Kyauta daban, gudummawa daban

A shekarar 1925 masanin zamantakewa ɗan Faransa, Marcel Mauss, ya wallafa nazarinsa a kan kyauta, inda ya nuna cewa a al’ummomi da yawa tana tafe da wajibai uku: bayarwa, karɓa, da ramawa. Bahaushe bai buƙaci a fassara masa wannan ba, domin tsarin biki ya daɗe yana gudana a kansa. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa a ƙasar Zazzau, aka buga a 1954, ya nuna yadda ƙawance tsakanin mata ke tafiya da musayar gudummawa a bukukuwa. Polly Hill ma ta yi bayanin tsarin a nazarin da ta yi a Batagarawa kusa da Katsina, wanda ya fito a 1972.

Gudummawar biki a bayyane take, kuma dole ta zama haka. Ana rubuta wanda ya kawo da abin da ya kawo, wani lokaci har maroƙi ya shelanta, saboda ajiya ce da za a mayar, galibi da ƙari, a wasu wurare har da ninki. Aikinta shi ne tara wa mutum abin da zai ɗauki nauyin hidimar da ba zai iya shi kaɗai ba: gado da katifa, kayan ɗaki, abincin taro. Wani nau’in adashi ne wanda zumunci ya lulluɓe. Kuma da yake mutum ba ya aurar da ’ya ko yin suna kowane wata, akwai tazarar da ke ba kowa damar shiryawa.

Kyauta kuwa tarbiyyar Hausa ɓoye ta take yi. Mai karatu ya lura da harshen da muke bayar da ita. Attajiri zai miƙa kuɗi mai yawa ya ce, “Ga goro.” Ɗa zai ba mahaifiyarsa ya ce, “Hajiya, a sayi sabulu.” Baƙo zai ajiye ya ce, “A saya wa yara alawa.” Wanda ya je dubiya yakan tura abin da ya kawo ƙarƙashin matashi, ko ya dunƙule a hannu yayin sallama, yadda na kusa ma ba zai gani ba. Kusan kowa yakan ce, “Ga wannan, ba yawa,” mai karɓa kuma ya amsa, “Haba, har da ɗawainiya? Allah ya bar zumunci.” Da mai naira 500 da mai naira 500,000 kalma ɗaya suke faɗi, amsa ɗaya suke samu. Hikimar a fili take: an shafe adadi daga magana domin kada mai ƙaramin ƙarfi ya ji kunya, kada mai hali ya yi gori.

Kyautar ranar haihuwa a wannan gida na biyu take. Ba a tara ta domin ɗaukar wata hidima, babu kayan ɗakin da za a saya da ita. Saƙonta kawai shi ne, na tuna da kai, kuma na yi murna da kana raye. Amma yanzu ana hoton alat ɗin banki a ɗora a sitatus, ana jera sunaye da adadi a zauren WhatsApp na ofis, ana buɗe kyauta a gaban kyamara. Har furen da ake naɗawa da takardun naira ya zama ado, duk da cewa Babban Bankin Najeriya ya lissafa shi cikin wulaƙanta kuɗi. An fito da abin da al’ada ta ɓoye, an mayar da shi littafin gudummawa, kuma irin wanda ake buɗewa sau da yawa a kowane wata.

Lissafin aljihu

Kafin mutum ya tuhumi kansa da rowa, ya kamata ya duba abin da ya faru da kuɗin da ke hannunsa. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin ’yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da dama. A watan Yunin 2023 aka bar kasuwa ta yanke darajar naira, dalar da gwamnati ke sayarwa a kan kusan naira 460 ta haura 1,500 a cikin 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin ɗari a Disambar 2024. Alƙaluman sun sauko daga baya, bayan an sauya ma’aunin lissafin, sai dai saukar alƙaluman hauhawa tana nufin gudun tashin farashi ne ya ragu, ba wai kaya sun koma kuɗinsu na da ba. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, amma albashin ma’aikata da yawa, musamman a kamfanoni da makarantu masu zaman kansu, bai bi sawun kasuwa ba.

Kayan da aka saba bayarwa kyauta, irin su turare da agogo da jaka da takalmi, akasarinsu daga waje ake shigo da su, saboda haka dala ce ke yanke musu farashi. Wanda ya iya sayen wani turare shekara uku ko huɗu da suka wuce, yau ya kasa, ba zuciyarsa ce ta ƙanƙance ba.

Mu ɗauki misali mai sauƙi. A ce ofis yana da mutum 25, an kuma tsayar da karo-karon naira 5,000 ga kowace ranar haihuwa. Kowa zai biya sau 24 a shekara, wato naira 120,000. Wannan ya zarce mafi ƙarancin albashi na wata ɗaya da rabi, kuma ba a sa ’yan’uwa da abokan makaranta da maƙwabta ba, balle aure da suna da anko da gaisuwar rasuwa, waɗanda su ne al’ada ta fi tsanantawa a kansu. Ga darakta naira 5,000 kuɗin shan ruwa ne. Ga masinja da mai shara kuɗin motar mako ne. Adadi ɗaya aka yanka, amma nauyin ba ɗaya ba ne.

Abin da mai karɓa yake gani

Mai bayarwa yakan ɗauka cewa mai karɓa yana auna ƙauna da farashi. Bincike ya nuna akasin haka. A 2009 Francis Flynn da Gabrielle Adams na Jami’ar Stanford a Amurka sun wallafa sakamakon nazarin da suka yi a kan masu bayar da kyauta da masu karɓa, ciki har da kyautar ranar haihuwa da zoben baiko. Masu bayarwa sun yi tsammanin gwargwadon tsadar abu gwargwadon daɗin da za a ji. A ɓangaren masu karɓa kuwa ba a ga wata alaƙa tsakanin farashi da jin daɗi ba.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Mai bayarwa ya shiga shago, ya ga na naira 40,000, ya ɗaga, ya ajiye, ya ɗauki na 4,000. Shi yana kwatanta abin da ya kawo da abin da ya bari a kanta. Mai karɓa bai shiga shagon ba. Abin da ke hannunsa kawai ya gani, yana kuma kwatanta shi da rashin samun komai. Saboda haka mafi yawan nauyin da mai bayarwa ke ji yana kan wata kyauta ce da ba ta taɓa wanzuwa ba sai a cikin kansa.

An yi wannan bincike a Amurka, kuma wani zai iya cewa mu namu mutanen sun fi lura da farashi. Akwai masu lura, babu shakka. Amma mai karatu ya gwada kansa: a cikin kyaututtukan da aka taɓa yi masa, waɗanne ne ya fi tunawa? Sau da yawa ba mafi tsadar ba ne. Yajin daddawa ne da goggo ta daka ta aiko, ko dambun nama da ƙawa ta kwana tana yi, ko littafin da aboki ya nemo saboda ya ji an taɓa ambatonsa. Abin da ya sa suka zauna a rai shi ne shaidar cewa wani ya san mu, ya kuma ɓata lokacinsa dominmu.

Kunya ce, ba laifi ba

Hausa ta bambanta laifi da kunya. Laifi shi ne a tauye wa wani haƙƙinsa. Kunya kuwa tana da alaƙa da idon jama’a. Wanda ya kai ƙaramar kyauta bai tauye haƙƙin kowa ba, domin babu wanda ke bin wani bashin kyautar ranar haihuwa. Abin da yake ji tsoro ne kada a gane ba shi da shi. Ga ma’aikaci mai digiri da mota da ofis, wannan tsoro yana da ƙarfi, saboda rufin asiri shi ne jarinsa a idon dangi.

Kunya ɗabi’a ce mai kyau. A laccar da Anthony Kirk-Greene ya gabatar a kan mutumin kirki a tunanin Bahaushe, wadda aka buga a 1974, ya lissafa ta tare da karamci da gaskiya da amana da hankali. Sai dai ba ita kaɗai ke cikin jerin ba. Kunyar da za ta sa mutum ya taɓa kuɗin hayar gida domin ya fita kunyar abokai ta rabu da hankali. Addini ma bai ɗora wa kowa abin da ya fi ƙarfinsa ba. Akwai ingantaccen hadisi da ya gargaɗi mata kada maƙwabciya ta raina abin da za ta aika wa maƙwabciyarta komai ƙanƙantarsa, aka buga misali da ƙofaton akuya. Malamai sun yi bayanin cewa gargaɗin ya shafi mai bayarwa da mai karɓa: ita kada ta fasa saboda ƙanƙanta, waccan kuma kada ta raina.

Akwai ƙorafin da ya cancanci a saurare shi. Za a ce wannan magana za ta zama mafaka ga marowata, waɗanda ke da shi amma kullum bakinsu “babu.” Gaskiya ne akwai su, kuma Bahaushe bai taɓa yabon rowa ba. Amma gane marowaci ba shi da wuya: yana karɓa da hannu biyu, ba ya bayarwa ko da hali, kuma abin ba ya damunsa. Wanda ƙanƙantar kyautarsa ta hana shi barci ya riga ya fita daga sahunsu.

Sai kuma tambaya mafi wuya: idan aminin ya ba ni abu mai tsada bara fa? A nan ne lissafin biki ya fi matsa mutum. Amsar ita ce shi ya bayar gwargwadon hannunsa, kai ma ka bayar gwargwadon naka, kun yi daidai ke nan. Idan ya bayar ne domin a mayar masa da kwatankwacinsa, to rance ya ba ka ba tare da ya tambaye ka ko kana so ba, kuma ba a tilasta wa mutum bashin da bai ci ba. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

Asarar da ba a lissafawa

Wannan nauyi yana da farashi na gaske. Na farko shi ne bashi. Manhajojin ba da rance a waya sun sauƙaƙa cin bashi cikin mintuna, da kuɗin ruwa mai nauyi, kuma wasunsu sun yi ƙaurin suna wajen aika saƙon tozarci ga lambobin da ke cikin wayar wanda ya kasa biya, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta shiga lamarin. Mutum ya ci bashi domin gudun kunyar mutum goma, ya ƙare da tonon asiri a gaban duk wanda ya sani.

Na biyu ya fi muni domin a hankali yake ci. Wanda ya ƙi zuwa saboda hannunsa babu nauyi, ya ƙi kira saboda bai je ba, ya ƙi gaisuwa saboda bai kira ba. Shi kuwa mai ranar bai san dalili ba. Ba zai ce “wane ba shi da kuɗi” ba, cewa zai yi “wane ya canja.” Haka abota ta shekara ashirin takan yi sanyi a kan abin da bai kai kuɗin man mota ba. Magabata sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafar ce farkon abin da wannan kunya take ɗaurewa.

Abin da ya rage a hannunmu

Ga mai bayarwa, shawarar ita ce ya yanke abin da zai iya tun kafin ya shiga kasuwa, ya tsaya a kai. Ya sa tunaninsa a kan mutumin fiye da kan kayan: me yake so, me yake buƙata, me ya taɓa ambata. Idan babu kuɗi sam, akwai girki, akwai ziyara, akwai riƙe wa ƙawa yara na yini guda ta huta, akwai kiran waya na gaske a madadin hoto a sitatus. Idan ya zo miƙawa kuma, “ba yawa” ta wadatar. Doguwar ban-haƙuri a kan halin da ake ciki takan ɗora wa mai karɓa aikin rarrashi a ranar da ya kamata ya yi farin ciki, ta kuma nuna masa wani gibi da shi bai gani ba.

Masu ranar su ma suna da nasu haƙƙin. Wanda ya gayyaci mutane wurin cin abinci mai tsada ya tuna cewa gayyatar kanta kashe kuɗi ce ga wasu. Kada a buɗe kyauta a gaban taro, kada a ɗora hoton alat da sunan wanda ya turo, domin kowane irin wannan hoto saƙo ne ga wanda ya turo kaɗan. Yaba kyauta tukuici, kuma godiyar da ba ta bambanta babba da ƙarami ita ce tukuicin da kowa ke iya bayarwa. A ofisoshi kuwa, a bar karo-karo ya zama na ganin dama, mutum ɗaya amintacce ya karɓa, a daina jera sunaye da adadi a zaure. Shugaban da ya tsayar da wannan ƙa’ida ya rufa wa ƙananan ma’aikatansa asiri ba tare da ya kashe ko sisi ba.

Iyayenmu sun rayu cikin fari da tsadar da ta kai wannan ko ta fi, kuma ba su daina kai wa juna ƙwaryar fura da ɗan goro ba. Abin da ya ba su damar haka shi ne yarjejeniyar da ke tsakaninsu cewa ba a tambayar kuɗin kyauta, ba a kuma shelanta shi. Idan har za mu riƙe baƙuwar al’ada, ya dace mu shigar da ita ƙarƙashin wannan tsohuwar yarjejeniya, yadda mai turaren naira 3,000 zai yi sallama ya shigo kansa a sama, a tarbe shi kamar kowa.